Ranar da Babana Ya Auna Tayar Uwaisu

Ku da kuke cewa Ma'u baiwar Allah ce, yau dai ku adana yabonku. Ni kaina tun ranar Asabar ban kalli madubi na ji daɗin fuskar da ke ciki ba. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, bari in gwada masa kaina. Sunana Asma'u, ana ce mini Ma'u, ni ce mai haɗa waya a wata masaƙa da ke Bompai. Duk wanda ya bugo kamfaninmu muryata zai fara ji, kuma ta nan Uwaisu ya same ni a farkon shekarar nan ta 1982.

Injiniya ne a wani kamfanin fata da ke Challawa. Kullum sai ya bugo wai yana neman injiniyanmu a kan maganar tukunyar tururi. In na haɗa su, ba su wuce gaisuwa ba ya ajiye, can anjima ya sake bugowa. Rannan na gaji na ce, "Malam, wai tukunyar nan ba ta gyaruwa ne?"

Ya ce, "Ta gyaru tun watan jiya. Ni ne ban gyaru ba."

Na toshe baki don kada manaja ya ji dariyata ta bango. Daga nan zance ya miƙe, har ranar da ya ce in yi masa kwatancen gida.

To nan ne fa na yi abin da na yi. Gidanmu yana Dakata, a wani lungu bayan manyan sito, inda tireloli suke kwana. In ka shiga soronmu tsofaffin tayoyi ne za su fara yi maka maraba, domin mahaifina shi ne Malam Isyaku mai taya, wanda rumfarsa take cikin Bompai. Faci yake yi, yana sayar da sababbi da na hannu. Shi kuwa Uwaisu, direbobin kamfaninmu sun riga sun cika mini kunne da labarin motarsa, jar Datsun 280ZX mai kujera biyu, wadda in ta wuce leburori suke ajiye kaya su bi ta da kallo. Na hango motar nan a bakin kwatar lungunmu, sai kawai na ji bakina yana kwatanta gidan Baffa Lawan a Nassarawa.

Baffa Lawan ƙanin Baba ne, babban ma'aikaci a ma'aikatar ayyuka. A gidansa na zauna lokacin da nake sakandare, har yanzu ɗakina yana nan. Ranar da Uwaisu ya fara zuwa, ya tuɓe takalmi tun daga baranda, ya durƙusa ya gaida Baffa. Da muka keɓe ya ce, "Babanki mutum ne mai kwarjini." Na ce, "Haka ake faɗa." Na lallashi zuciyata da cewa ai baffa uba ne, kuma ko ba komai shi zai ba da aurena. Kullum sai in ce ranar Juma'a mai zuwa zan gyara maganar. Juma'o'i suka yi ta wucewa.

Inna ce ta fara tsananta mini. Da yake ni ce 'yar fari, ita da Baba ba su taɓa kama sunana ba, Baba ma ko ido ba ya haɗawa da ni a gaban mutane. Ranar Alhamis na dawo aiki na same ta tana tankaɗen garin dawa a tsakar gida, rediyo yana gefe a kan turmi.

Ta ce, "Ke, wai mai jar motar nan ba shi da ƙafa ne?"

"Wace irin ƙafa kuma, Inna?"

"Wadda ake takowa gidan iyayen yarinya da ita. Atika matar Lawan ta ce har kujerarsa ta musamman gare shi a falonsu. Mu kuwa ko ƙarar motar ba mu ji ba."

Na ce lungunmu ne ba ya shiguwa. Ta buga rariya a bakin kwano ta ce, "Tirela tana shigowa lungun nan." Sannan ta rage murya. "Malam bai ce komai ba, amma jiya da kansa ya kwashe tayoyin soro ya kai bayan gida, ya sa aka yi farar ƙasa. Ki ce wa yaron nan ya zo ya gaishe shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Na shige ɗaki ban amsa ba. A bakin gadona na ga takalmina mai tsini, wanda ƙasansa ya ɓare na ajiye don in kai wa mai gyara. An riga an liƙe shi tsaf da guntun robar tub, an datse gefen daidai, ba mai ganewa sai ya juya shi. Ban tambayi wanda ya yi ba, na san hannun.

Washegari da hantsi fitilar layin waje ta kama. Ina sa waya a kunne na ji muryar Uwaisu, "Masaƙa? A haɗa ni da uwargidan ɗakin waya."

"Tana aiki, Malam."

"To a ba ta saƙo. Wilin da na yi oda daga Ikko sun iso, guda huɗu, na alminiyon, suna ƙyalli kamar tiren amarya. Gobe in an tashi ta shirya, za ta raka ni a sa musu taya."

"Ita me ta sani a kan taya?"

"Idonta nake so. Abin da ta ce ya yi kyau shi za a sa."

Ban tambaye shi inda za mu ba. Masu taya sun fi a ƙirga a Kano, kuma a zatona mutum irinsa sai manyan kantunan Sabon Gari.

Ranar Asabar rabin yini muke yi. Na wuce Nassarawa na yi wanka, na sa atamfata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, riga da zane, na kafa ɗauri ya kalli gaba. Na yafa farin gyale mai shara-shara, na zizara kwalli, na shafa turare har Hajiya Atika ta ce, "Yau sai an buɗe tagogin motar nan." Na ɗauki baƙin tabarau ɗin da Uwaisu ya ba ni, na zura takalmin nan mai tsini. Shi kuma ya zo cikin farin boyel da hula zanna, kaset yana tashi a hankali, wilin suna bayanmu a naɗe cikin buhunan fata.

Tun a hanya yake ta yi mini bayani. Wili shi ne ƙarfen da taya take zama a kai. Na motar inci goma sha huɗu ne, sababbin kuwa sha biyar, kuma sun fi faɗi, don haka tsofaffin tayoyin ba za su hau ba. Ina gyaɗa kai ina cewa "Ikon Allah," alhali a jikin taya na koyi karanta lamba tun kafin a sa ni firamare.

Sai na ga ya bar titin Haɗeja ya shiga cikin Bompai. Ya wuce kamfanin alewa, ya karya kwana ta bayan sito, na ce, "Ina za mu ne?"

"Wurin wani tsoho. Direban manajanmu ya ce duk Kano babu mai sa taya kamarsa. Malam Isyaku."

Jama'a, akwai tazara tsakanin kwanar nan da rumfar Baba, tazarar da ta isa mutum ya ce, tsaya, mahaifina ne. Ina da baki, ina da lokaci. Abin da na yi shi ne na gyara zaman tabarau na ja gyale ya rufe rabin fuskata.

Rabona da rumfar tun ina 'yar firamare, amma ba abin da ya canja: bishiyar darbejiya, bahon ruwan gwada tub, injin iska mai tari, dogon benci. Baba yana tsugune shi kaɗai yana goge wani tub, cikin shuɗiyar rigarsa ta aiki. Abokin sana'arsa Muntari ya tafi ƙauye ganin gona. Uwaisu ya fita da fara'arsa, ya miƙa masa hannu daga tsaye.

"Salamu alaikum, tsoho! An ce kai ne sarkin taya."

Baba ya goge hannu a riga ya karɓa. "Sarki Allah. Sannunku da zuwa."

Dole na fito tunda za a ɗaga motar. Ina sauke ƙafa idon Baba ya sauka a kan takalmin, daga nan ya hau zuwa fuskata, sai ya kawar da kai. Wannan ba sabon abu ba ne, haka yake yi mini ko a gida. Nawa ne ya rage, in durƙusa in ce, Baba ina wuni. Ya ɗan dakata da tub ɗin a hannu, ya ba ni wuri.

Na ce, daga tsaye, "Sannu da aiki, Malam."

Bai ɗago ba. Ya ajiye tub ɗin, ya ɗauki tsumma ya kaɗe bencin, ya sake gogewa. "Hajiya, bismillah, ga wuri a inuwa."

Na zauna. Wallahi da ya ɗauki sifanar kwance taya ya kwaɗa mini da ya fi mini sauƙi.

Su kuwa nan da nan suka ɗinke. Uwaisu ya sauko da wilin, Baba ya juya ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya auna faɗinsa da ɗan karfen awo ya ce inci bakwai ne. Ya shiga ciki ya gangaro da taya biyu sababbi, ya jingina su da bencin da nake zaune. Ɗaya an rubuta 205/60, ɗaya 225/60.

Uwaisu ya ce, "Na yi lissafi, tsoho. Ta ainihin 195/70 ce. In na sa wannan ƙaramar, tsayin ƙafar motar bai canja ba, malejin ba zai yi mini ƙarya ba."

"Lissafinka daidai ne. Wili ya ƙaru, to gefen taya sai ya ragu, a tashi kunnen doki."

"Amma fa dubi babbar nan! Dubi faɗi! In motar ta tsaya a kanta sai ka ce zaki ya yi miƙa."

Baba ya yi murmushi. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Tana da kyau. Sai dai ta fi tsayi, ta fi ƙiba, kuma hanyar Challawa ba ta rasa ramuka. Ban ce ba za ta shiga ba. Shiga daban, zama lafiya daban."

Uwaisu ya juyo wurina, ya ɗora ƙafa a kan tayar, dab da inda Baba yake tsugune. "Ma'una, raba mana gardama. Wacce?"

Ma'una. A gaban Baba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kuma na san amsar sarai, tun ina yarinya nake jin Baba yana hana direbobi irin wannan kwaɗayin. Na ce, "Ni ina na san wata taya? Duk baƙaƙe ne a wurina."

Uwaisu ya tuntsire da dariya. Baba ya sa yatsa yana kankare wani ɗan dutse daga jikin tayar, ya daɗe yana kankarewa.

Can ya ce, "To a bar alli ya yi hukunci."

Haka Baba yake aiki, duk direban da ya san shi ya san wannan. Ba ya yarda da ido, ba ya yarda da lamba ita kaɗai. Ya ɗora babbar tayar a kan sabon wili, ya ba ta iska, ya ɗaga motar da jak ya cire ta gaba ta gefen dama. Ya ɗauko farin alli ya goga a leɓen bodin motar ta ciki, duk inda taya za ta iya taɓawa, sannan ya ɗaura sabuwar ya sauke jak.

Ya ce, "Mota babu kowa a ciki ba ta faɗar gaskiya. Sai ta ɗauki nauyin masu ita. Wa yake zama a wannan kujerar?"

Uwaisu ya ce, "Ita. In Allah ya yarda kuma ita ce har abada."

"To Hajiya ta shiga ta zauna. Kai ma ka shiga, in na ce dama ka murɗe sitiyari har ƙarshe."

Na tashi na shiga. Baba ya shimfiɗa kwali a ƙasa ta gefena, ya cire hularsa ya ajiye a kan benci, ya kwanta rigingine ya tura kansa bayan tayar. Ta taga ina hango ƙafafunsa, da faso a dugadugansa, da silifas ɗin da Inna take ta faɗan ya canja. Ina zaune a kan kujerar fata ina ƙamshi, nauyina yana danne mota a kan mahaifina.

"Dama!" Uwaisu ya murɗa. "Hagu!" Ya murɗo. "To ku ɗan girgiza ta, kamar kun faɗa rami."

Uwaisu ya riƙa tashi yana faɗawa kan kujera yana dariya. "Ma'u, taimaka mana, kin zauna kamar amaryar da aka kai jiya." Na ɗan motsa. Hawaye suna gangarowa ta ƙarƙashin tabarau, na bar su suna shiga gyale don kada in ɗaga hannu ya lura.

Baba ya fito, ƙasa a ƙeyarsa, ya kira Uwaisu ya nuna masa. Farin layi ya fito raɗau a kafaɗar tayar. "Ka gani? Nan take gogar bodi. Yau alli ta ci, gobe roba ƙarfen zai ci. Wata rana kuna cikin gudu ta fashe, kuma ta gefen da take zaune ne."

Dariyar Uwaisu ta ɗauke. Ya dubi layin, ya dube ni, ya ce, "A sa ƙaramar."

Aka sake gwaji da 205, na sake zama, Baba ya sake kwanciya. Wannan karon tayar ta fito baƙa wuluk, ko ɗigon alli babu. Ya ɗaura sauran ukun, yana bin kusoshin ɗaya bayan ɗaya yana ƙara ɗaurewa. Da ya zo ta gefena ya ɗaure, ya koma ya sake bi, ya sa tafin hannu ya girgiza tayar.

Uwaisu ya ja baya yana kallon motarsa, daɗi ya cika shi. Ya sallami Baba, ya ƙara masa wani abu a hannu ya ce, "Ga na goro, tsoho." Baba ya karɓa da hannu biyu. Sannan Uwaisu ya ce, "Ka sa mu a addu'a. Bayan Sallah manyana za su je wurin mahaifinta."

"Allah ya sanya alheri. 'Yar wane ce?"

"Alhaji Lawan na Nassarawa, na ma'aikatar ayyuka. Ko ka san shi?"

Baba ya ɗauki hularsa ya kaɗe ya sa. "Na san shi. Mutumin kirki ne. Ta yi dacen uba." Ya sunkuya yana naɗe kwalin. "A riƙa duba iska duk mako. Allah ya kiyaye hanya."

Muka tashi. Ta madubin gefe na ga ya zauna a kan tayar da aka ƙi, kwalin a cinyarsa. Ana ta kiran la'asar a masallacin ma'aikata, mutumin da ko ciniki yake yi yakan yanke ya ɗauki buta, amma bai motsa ba.

Uwaisu yana ta zuba. "Kin ji yadda take kama ƙasa? Kai, tsohon nan ya burge ni. Irinsu sun yi ƙaranci. Duk abokaina nan zan turo su." Muka iso bakin titin Haɗeja. Dama Nassarawa, hagu Dakata. Ya kunna sigina ta dama yana jiran wata tifa ta wuce.

Na cire tabarau na ce, "Uwaisu, ba nan ce hanyar gidanmu ba."

"Kamar yaya?"

"Gidanmu yana Dakata. Alhaji Lawan baffana ne, riƙona ya yi." Na dube shi na ƙarasa. "Malam Isyaku shi ne ya haife ni."

Tifar ta wuce, hanya ta buɗe, bai shiga ba. Wata tirela a bayanmu ta riƙa danna hon. A hankali ya kashe siginar, ya gangara gefen titi ya kashe motar. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na daɗe ina tsoro, ya ce shi ba zai auri 'yar mai faci ba.

Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa ce. "Na miƙa masa hannu a tsaye."

"Uwaisu, don Allah..."

"Na ce masa tsoho. Na ɗora ƙafa a gabansa. Na kira ki da sunan da na kira ki, yana ji." Ya dafe goshi. "Na ba shi na goro, Ma'u. Surukina. Ya kwanta a ƙasa ina bisa kujera ina tsalle, ke kuma kina kallona."

"Tsoro na ji. Na ɗauka in ka sani za ka..."

"Kin ɗauka me? Ni da nake wuni cikin warin fata? Kakana majemi ne, da hannunsa yake kirɓa fata a rami. Kin taɓa tambayata?"

Ban taɓa ba. Kuka ya ƙwace mini, na ce ya juya mu koma tare in durƙusa a gaban Baba.

Ya zare makulli ya ajiye a kan cinyata. "Ba zan je masa a cikin motar nan ba." Ya buɗe ƙofa ya fita, ya gyara zaman hularsa, ya kaɗe rigarsa. Na kama marfin ƙofata zan biyo shi, ya sunkuyo ta taga. Idonsa ya yi ja, ban taɓa ganinsa haka ba.

Ya ce, "A'a. Ki zauna a nan. Ai kin iya zama."

Ya juya ya kama hanyar rumfar Baba a ƙasa, bai waiwayo ba.